Taurin sitiyari: Sabo turken wawa

Akwai wani shataletale da nake ratsawa kusan kowace safiya idan zan kai yara makaranta, wanda saboda yawan bi, ina jin ko an rufe mini ido zan kewaye shi. A nan ne wata safiyar Talata, cikin tsakiyar hunturu, na murza sitiyari kamar yadda na saba, sitiyarin ya ce bai san zancen ba. Ba kafewa ya yi ƙam ba; ya tafi kaɗan, sai ya cije kamar an sa masa waigi, motar kuma ta ci gaba da miƙewa ta nufi wani mai A Daidaita Sahu da ya ɗauko mata uku, ɗaya da goyo. Na sa hannu biyu da ƙarfin kafaɗa na fizge shi, na taka burki, Allah Ya kiyaye, abin da ya rage tsakanina da su bai fi kamu ɗaya ba. Mai keken ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ban tanka ba, domin da gaskiyarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar 'yata ta fari daga kujerar baya: "Baba, ai tun kafin hutu motar nan take kuka in za ka yi kwana." Yarinya 'yar shekara tara ta ji abin da ni, mai digiri biyu, na yi wata uku ina toshe wa kunne.

Na san mai karatu zai iya cewa, ina ruwan wannan shafi da zancen gareji, alhali ga matsalar tsaro, ga tsadar abinci, ga siyasa tana ta tafasa? Amsata ita ce, yawancin masu karanta wannan shafi, likita ne ko lauya ko malamin jami'a ko ma'aikacin banki, sukan shafe awa ɗaya zuwa biyu kullum riƙe da wannan kewayayyen abu, ga iyali a baya, kuma ƙalilan ne a cikinmu za su iya faɗin abin da ke tsakanin tafin hannunsu da tayar gaba. Mun ɗauki wannan rashin sani kamar wani ado na manyan mutane. Mutum zai feɗe maka kasafin kuɗin ƙasa sashe-sashe, amma ka tambaye shi inda ake zuba man sitiyari a motarsa, sai ya yi murmushi ya ce a tambayi direba. Ni ma a wannan sahu nake, har zuwa waccan safiya.

Motata Camry ce ƙirar 2005, cikin waɗanda aka gama morewa a Amurka sannan aka turo mana. Farkon abin wani kuka ne mai kama da nishi, yana fitowa daga gaban mota duk lokacin da na murza sitiyari zan fita daga gida da sassafe. Yaron da ke wanke mini mota ne ya buɗe bonet ya nuna mini wani ɗan kofi, ya ce mai ne ya yi ƙasa. Na sayi kwalba guda a gidan mai, aka ƙara, kukan ya lafa. Bayan mako biyu ya dawo, aka sake ƙarawa. Daga baya abin ya koma duk mako, har kwalbar jan mai ta sami mazauni a but kusa da safaya taya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina man yake tafiya ba. Man sitiyari ba fetur ba ne da inji ke ƙonawa. Kewayawa kawai yake yi a rufe, daga kofi zuwa famfo, zuwa ƙasa, ya dawo kofi. Motar da ke da lafiya takan yi shekaru bai ragu ba. Idan ya ragu, to zuba yake yi ta wani wuri, kuma duk mai ƙara shi mako-mako ciyar da ƙasa kawai yake yi.

Ana cikin haka sitiyarin ya fara nauyi, ba farat ɗaya ba, a hankali, kamar yadda tsufa ke shigar mutum. A nan ne babban haɗarin yake. Da rana ɗaya ya sandare, da na ajiye motar na kira makaniki. Amma da yake kullum ɗan ƙari yake yi, damatsana suna ƙara ƙarfi daidai da ƙarinsa, ban ga ranar da zan ce yau abin ya ɓaci ba. Maiɗakina ce ta fara daina karɓar makullin, ta ce motar ta zama ta 'yan dambe. Na yi dariya, na ce ragwanta ce irin ta mata. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ban san zurfin maganar ba sai da na ga kaina ɗaure a jikin turken.

Kafin na ci gaba da labarin, ya kamata a ɗan san yadda abin yake aiki, domin da wannan ɗan sanin ne mutum ke kare aljihunsa. Daga sitiyarin da ke hannunka wata sanda ce ta gangara, ta huda bangon da ya raba direba da inji. Da yake ba za ta iya tafiya a miƙe ba, an yi mata gaɓoɓi masu siffar gicciye da ke ba ta damar juyawa a karkace. A ƙarshenta akwai ƙaramar giya mai haƙora, tana zaune a kan wata doguwar sanda mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, ita ce kanikawa ke kira rak. Idan ka murza, ƙaramar giyar ta tura rak hagu ko dama, shi kuma ya ja tayoyin ta hannuwa biyu da ake kira tayirod. Wannan shi ne asalin sitiyari, kuma ko babu ɗigon mai zai yi aiki, sai dai da ƙarfin damtse. Abin da muke kira fawa taimako ne aka ɗora a kai: famfo da bel ke juyawa daga inji yana matsa mai da ƙarfin da kan haura awo 1,000 a irin ma'aunin da ake auna iskar taya, wato ya ninka iskar tayarka sau talatin. Wani bawul da ke jin ɓangaren da hannunka ya nufa sai ya tura man bayan wani fistin da ke cikin rak, ya taya ka turi. Shi ya sa sitiyari ya fi nauyi idan mota na tsaye ko tana rarrafe, lokacin da dole a goga roba a kan kwalta ƙarƙashin nauyin inji, kuma a lokacin ne rashin taimakon ya fi fitowa fili.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Francis Davis ne ya nuna wannan dabara tana aiki a 1926, a kan wata mota ƙirar Pierce-Arrow. Kamfanoni suka ga tsadarta ta yi yawa, sai a Yaƙin Duniya na Biyu aka rungume ta saboda manyan motocin soja, sannan a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da ita ga jama'a a motarsa Imperial. Mu a nan ta daɗe ba ta zama ruwan dare ba. Waɗanda suka koyi tuƙi da 404 da 504, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sun san yawancinsu ba su da fawa. Amma kada wani ya kafa hujja da wannan ya ce ai iyayenmu haka suka tuƙa ba su mutu ba. Waɗancan motoci an ƙera su ne domin damtse: sitiyari faffaɗa kamar faifai, taya siririya, kuma sai ka yi ta naɗi kafin ka gama kwana, wanda shi ke rage nauyin. Motar yau sitiyarinta ƙarami ne, tayarta faffaɗa, naɗinta kaɗan, domin maƙeranta sun dogara da cewa famfo na nan. Idan famfon ya janye hannunsa, ba 504 ta zama ba; ta zama abin da ba wanda ya tsara a tuƙa shi haka.

Daga shataletalen nan, bayan na sauke yara, gareji na wuce kai tsaye. Makanikin da na saba da shi bai ko tsuguna ba. Ya tada mota, ya murza sau biyu, ya karkata kai ya saurari kukan, ya ce, "Oga, famfo ne ya tafi." Na ba da kuɗi aka sayo na hannu, wanda muke kira ɗan Beljiyam, aka ɗaura. Na kwana biyu ina lallashin kaina cewa an sami sauƙi, a rana ta uku kuka ya dawo, cizon nan kuma ko gezau bai yi ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Na kai wa wani da aka yi mini kwatance, shi kuma ya kushe aikin na farko tas, kamar yadda al'adar sana'ar take, ya ce tun farko rak ne, kuma kuɗin da ya yanka mini ya kusa rabin albashina. Ba na cewa mutanen nan macuta ne. Abin da na fahimta daga baya shi ne, tsarin ne ya koya musu haka: ba ma biyan makaniki ladan bincike, ladan kwancewa da ɗaurawa kawai muke biya. Wanda ya ɓata awa guda yana neman asalin ciwo, ya gano tiyo ne na 'yan kuɗi kaɗan, a wurinmu bai yi aiki ba. Wanda ya ce a canja babban abu, shi ne gwani. Mu da kanmu muka haifi gyaran canki-canka, sannan mu koma ofis muna zagin kanikawa.

Wani abokin aikina ne ya hana ni biyan kuɗin rak, ya kai ni wurin wani dattijo da ya koyi sana'ar tun zamanin 404, yana aiki a gindin wata bishiyar darbejiya da yara uku. Na zayyana masa duk abin da ya faru, yana saurare bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Alhaji, kai da ka yi boko, in ka je asibiti da ciwon kai, likita yakan fara da tsaga kan ne?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To mu ma bari mu fara da auna jini."

Abin da ya yi a gabana cikin awa guda shi ne dalilin wannan rubutu, domin babu tsafi a ciki, tsari ne kawai, daga mai araha zuwa mai tsada. Da taya ya fara. Ya ciro gejinsa daga aljihu, ba na mai faci ba, ya auna: ta gaban hagu 19, ta dama 44. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda manne a jikin ƙarfen ƙofa, wadda na yi shekara shida ina wucewa ta gefenta ban taɓa karantawa ba, inda maƙera suka rubuta iskar da ta dace da motar. A yawancin ƙananan motoci adadin yana tsakanin 30 da 35 ne, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan baje a kan kwalta, ta ƙara wa sitiyari nauyi. Masu faci da yawa kuwa 40 zuwa 50 suke dankara wa kowa, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa, suna sauraren amon taya kamar mai zaɓen kankana. Lambar da ke rubuce a jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba.

Daga nan ya koma kan kofin mai, mota tana kunne. Ya kira ni na leƙa: man ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu, launinsa ya tashi daga ja ya koma na shayi mai kauri. Ya ce kumfar nan iska ce, kuma ita ce kukan da nake ji. Famfo an yi shi ne ya matsa ruwa. Idan iska ta shiga sai ya yi ta nishi, taimakon ya rinƙa zuwa yana yankewa. Ya bi tiyon da ya tashi daga kofi zuwa famfo da yatsa, ya lanƙwasa shi kusa da baki, sai ga tsaga ta buɗe. Roba ce ta tsufa, zafin inji da na ƙasarmu suka busar da ita. In mota na kashe mai ya tsiyaye ta nan, in tana kunne famfo ya zuƙi iska ta nan. Ko famfo goma za a ɗaura, muddin tiyon nan yana nan, kukan yana nan.

Ya ɗan tsaya a kan zancen man kansa, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya. Ba kowane mai ake zubawa ba. Toyota da yawa na wancan zamani jan man giyar otomatik nau'in Dexron suke sha, kuma an rubuta haka a murfin kofin. Honda kuwa nata man daban ne, idan aka ɗura mata na Toyota ba za a daɗe ba a fara jin kuka da yoyo. Mafi muni shi ne man burki, wanda wasu ke zubawa in sun rasa, da tunanin ai duk mai mai ne. Sinadarinsa dabam ne, yana kumbura robobin da ke toshe famfo da rak har su ruɓe, kwalba ɗaya ta ja maka canjin komai. Ya kuma gargaɗe ni kan wata ɗabi'a da kusan dukkanmu muke yi wajen juya mota a lungu: murza sitiyari har ƙurya a danne shi a can. A wannan hali man ba shi da wurin zuwa, matsinsa ya kai maƙura, famfo da tiyo suna shan wuya. In ka kai ƙurya, ka ɗan sassauta.

Bel ɗin ya duba, ya danna shi da babban yatsa, ya juya cikinsa ya nemi tsaga ko sheƙi, ya ce wannan da sauransa. Bel mai santsi ko sako-sako ana gane shi da ƙara mai tsini, kamar kukan ɓera, musamman da safe ko bayan an ratsa ruwa. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya famfon sitiyari da injin cajin batir da famfon ruwa, saboda haka in kana tafiya ka ga fitilar batir ta kama, sitiyari kuma ya yi nauyi a lokaci guda, bel ne ya tsinke. Ka nemi gefen hanya kafin inji ya tafasa.

Sai gwajin da ya fi burge ni, wanda kowa zai iya sa a yi masa. Ya sa yara suka ɗaga gaban motar da jak har tayoyin biyu suka bar ƙasa, aka kashe inji, aka bar makulli a buɗe don kada sitiyari ya kulle. Ya ce in murza da kaina daga ƙurya zuwa ƙurya. Hikimar ita ce, da zarar taya ta bar ƙasa babu nauyin da ya rage, don haka ko babu fawa ya kamata sitiyari ya tafi sumul. In ya tafi sumul, ƙarafan lafiya lau suke, a nemi ciwon a ɓangaren taimako, wato mai da bel da famfo da bawul. In kuwa ya yi tauri a sama, to wani ƙarfe ne ya cije, kuma sabon famfo ba zai yi komai ba face ɓoye ciwon. Na murza. Ya tafi, ya cije, ya saki, ya tafi, ya sake cijewa, a wurare iri ɗaya kowane zagaye. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ka ji shi ko? Rak ba ya irin wannan rawa." Ya haska tocila can ƙasa bayan inji, ya nuna mini gaɓar nan mai siffar gicciye, ta yi jajawur da tsatsa. Ita ce ta kusa sa ni kwana a ofishin 'yan sanda, ko abin da ya fi haka.

Tsatsar ba a nan aka fara ta ba. A arewacin Amurka da Kanada da Turai, gishiri ake watsawa a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, kuma motar da ta yi shekara goma tana wanka da ruwan gishiri takan iso mana da fenti mai ƙyalli a sama, ƙarƙashinta kuwa ya ci. Mu kuma sai mu ɗora namu: ƙurar hunturu, da kududdufan damina da muke kutsawa har ƙofa, da ramukan da ke yaga robobin da suka lulluɓe tayirod da sauran gaɓoɓin ƙafa. Da zarar robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, gaɓar ta koma dutsen niƙa tana cin kanta. Alamar da ya ce in riƙe ita ce: mota mai lafiya, in ka gama kwana ka sassauta hannu, sitiyari da kansa yake komawa tsakiya. Ranar da ka ga sai ka mayar da shi da hannu, wata gaɓa ta fara cijewa ko saitin ƙafafun ya goce. Nauyin da ke raguwa in ka ƙara wuta yana nuna famfo ya gaji. Nauyin da ke ɓangare ɗaya kawai, ko wanda ke zuwa da sanyin safiya ya tafi in mota ta ɗumama alhali mai cike yake ba kumfa, shi ne ke sa a fara zargin rak. Rak shi ne na ƙarshe a layi, ba na farko ba.

An canja tiyo, an canja gaɓar, an zubar da tsohon mai aka sa sabo, aka yi ta murzawa ƙurya zuwa ƙurya mota na sama har kumfar ta ƙare. Duk abin da na kashe, har da ladan da na ninka masa don kunya, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin rak ba.

Masu sababbin motoci kada su ce wannan zancen masu tsofaffi ne. Tun da kamfanin Suzuki ya fito da sitiyari mai lantarki a motarsa Cervo a 1988, duniya ta karkata can, domin yana rage shan mai, tun da babu famfon da inji zai yi ta ja ko ana kwana ko ba a yi. Corolla daga ƙirar 2009 da Camry daga ƙirar 2012 duk na lantarki ne: babu kofi, babu tiyo, babu mai. Na taɓa ganin wani babban ma'aikaci da direbansa sun buɗe bonet suna neman inda za su zuba man da suka sayo. A irin waɗannan, ƙaramin injin lantarki ne ke taya ka murzawa, kuma yana jan wuta sosai, saboda haka abin da ake fara dubawa batir ne, da kawunansa, da caji, da fiyus. In an yi ta murza shi mota na tsaye yakan yi zafi ya rage taimako da kansa har ya huce, wannan ba lalacewa ba ce. Amma in fitila mai hoton sitiyari ta kama a gaban direba ta zauna, aikin mai kwamfutar duba mota ne, ba na mai guduma ba. Gwajin jak da awon taya kuwa suna nan daram, domin ƙarafan ƙasa ba su canja ba.

Akwai taurin da ba lalacewa ke kawo shi ba, mu ke jawo shi da hannunmu, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, na ƙara ganin direbobin haya, har da wasu masu motocin gida, suna kashe inji a gangara don tsimin mai. Da zarar inji ya mutu famfon sitiyari ya tsaya, burki kuma taki ɗaya ko biyu ya rage masa kafin ya koma kamar dutse, in kuma makullin ya zarce baya sitiyarin na iya kullewa ɗungurum. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya auna wannan a ransa. Wanda ke ganin ƙari nake yi, ya tuna abin da ya sami kamfanin General Motors a Amurka. A 2014 ya janye motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda wani ɗan lahani a mazaunin makulli: nauyin tarin makullai ko bugun gwiwa kan juya shi mota na gudu, inji ya mutu, taimakon sitiyari da na burki su ɗauke, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, sannan a 2015 ya biya gwamnatin Amurka tarar dala miliyan 900. Abin da ya zama abin kunyar shekaru ga wani katafaren kamfani, shi direbanmu ke yi da gangan, da fasinja goma sha takwas, don ya tsira da rabin lita. Fasinjan da ya ji inji ya yi shiru a gangara yana da haƙƙin ɗaga murya, ko da za a ce ya cika tsoro.

Haka nan mai sayen mota ya buɗe ido kan waɗanda aka juya wa hannu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, amma har yau ana shigo da motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama saboda araha, a kwance su a mayar hagu. In an yi aikin da kayan da suka dace, to. In kuwa an yanka sanda an yi walda, an lanƙwasa tiyo, an huda bango a inda maƙera ba su huda ba, gaɓoɓin sukan zauna a karkacen da ya wuce ƙima, taurin ya zama na haihuwa, ba makanikin da zai raba ta da shi.

Ba ina kira ga likita ya ajiye abin awonsa ya ɗauki sifana ba. Kayan gyara suna nan jibge a Ƙofar Ruwa da Panteka, masu hannu kuma ba su ƙare ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai mota da zai tsaya minti ashirin ya yi tambaya. An auna taya? Man yana kumfa? Ta ina yake zuba? An ɗaga ta an murza inji a kashe? Makanikin kirki daɗin waɗannan tambayoyi yake ji, wanda ya fusata kuwa ya ba ka amsa. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya kan takardar shaidar lafiyar mota, wadda da yawanmu ke aika wa ɗan aike kuɗi ya sabunto, motar tana fake a gida ba wanda ya ko leƙa ƙarƙashinta. Tawa sabuwa fil take a aljihun mota ranar da na kusa hawa kan matan nan uku. Kuma wanda ke da direba ya rinƙa karɓar makullin lokaci-lokaci ya zagaya unguwa. Direba ya fi kowa saurin sabawa, kuma sau da yawa tsoron a ce shi ya lalata ke sa ya yi shiru, ya ci gaba da kai yaranka makaranta da ƙarfin damtse.

Bayan mako guda na koma garejin farko in karɓi tsohon famfona, tun da dattijon ya ce da wuya in wani abu ne ya same shi. Makanikin ya sosa ƙeya, ya aiki yaro ya duba bayan shago, yaron ya dawo hannu biyu. A ƙarshe dai aka gaya mini gaskiya: tuni an ɗaura wa wani mai Camry da ya zo da kukan sitiyari, kuma har ranar bai dawo da ƙorafi ba.